Godiya daga bargarmu: Akawal ya warware

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Akawal, dokin da ya galabaita bayan hawan Sallah, ya miƙe yana cin harawa. Masu ta bugo waya, hankali ya kwanta.

Daga Fakon Idi zuwa ƙofar fada ba wata tafiya ba ce, amma a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, ga nauyin sirdi da jalala, ga sukuwar jafi a ƙarshe, doki na iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi cikin awa ɗaya, kuma da gishirin jikinsa gumin ke fita.

Godiyar farko ta samarin barga ce. Suka ja shi inuwar dogon yaro, suka kwance majayi, suka sauke sirdi, suka zare linzami suka sa ragama. Sai ruwa, bokiti bayan bokiti, a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi inda manyan jijiyoyi suke kusa da fata. Kwara bokiti ɗaya a tsaya ba ya komai, don nan take ruwan ke ɗumama a jikinsa. Suka riƙa ba shi rabin bokiti ya sha, a dakata minti biyar, a ƙara. Maganar nan ta cewa doki mai gumi ba ya shan ruwa ta cuci dawaki da yawa.

Baba mai gidan da ya buɗe mana rijiyar burtsatse, Allah ya saka da Aljanna.

Yallaɓai likitan dabbobi, mun gode da ka baro Sallarka. Ya tarar da zafin jiki 40.5, alhali na lafiya 37.5 zuwa 38.5 ne. Bugun zuciya da ya kamata ya sauko ƙasa da 60 a minti ɗaya cikin rabin awa yana nan sama da haka, an tsunkuli fatar wuya ta ƙi komawa, dasashi ya bushe. Ya sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, ya kuma hana allurar kashe ciwo da wasu suka yi ta ba da shawara. Irin wannan allura a jikin da ruwa ya ƙare ƙoda take ci.

Tsohon bargarmu ma ya cancanci tasa, shi ya tare kwaryar dawa. Hatsi a cikin da bai dawo aiki ba ciwon ciki yake haifarwa, wani lokaci har ya sauka a kofato. Ciyawa aka fara ba shi, da dare aka dama dusa da ruwa da gishiri cokali biyu. Kanwa tana da ranarta, amma ba ta maye gurbin gishiri. Shi ne kuma ya kwana yana duba fitsari. Idan ya fito baƙi-baƙi, cinyoyin baya suka sandare, to naman jiki ya ƙage, irin wannan doki ba a jansa ko taku ɗaya. Allah ya taimake mu, garau ya fito.

Likita ya ce a riƙa jansa a ragama minti 15 da sanyin safiya, ana taɓa kofatai ko akwai zafi, ba hawa sai ya sake dubawa. 'Yan kilisa masu son aro, ku yi haƙuri tukuna.

Allah ya bar zumunci, ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya maimaita mana.