Mangwaro a tsakanin ɗorawa da gawo

Gonar da na gada a bayan Shika, kusa da Zariya, jigawa ce, masara ta shekara da shekaru tana tsotsar ta har ta gaji. Da na ƙuduri dasa mangwaro mai aure, masu gawayi ne suka fara zuwa taya tsofaffin itatuwan da ke ciki. Ban sayar ba. Ɗorawa tana ba mu kalwa. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganyensa, ya bar wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa su bar kashi a gindinsa. Duk wanda ya sare shi don ya samu wurin dashe, a ganina ya yi asara.

Na haƙa ramuka mita 10 tsakani, na cika su da ruɓaɓɓen takin shanu, na dasa a Yuli da ruwa ya zauna. Tsakanin layuka na zuba wake da gyaɗa.

Rani ne ke kashe dashe a Zariya. Daga Nuwamba har wajen Afrilu ba ruwan sama, ga iskar hunturu, ga zafin bazara. Abin da ya cece ni shi ne rufe ƙasa: karan masara, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, na shimfiɗa su da kauri kewaye da kowane dashe, amma na bar tazarar tafin hannu daga gindin saboda gara. A Maris in na cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗar sai in ji laima da sanyi, taku ɗaya daga nan ƙasar ta yi tauri tana ƙuna. Ban-ruwan da nake yi ya ragu sosai, rijiyar ma ba ta ƙafe ba.

Sai dai ciyawar nan abincin wuta ce. Masu farautar gafiya kan cinna wa daji wuta, shi ya sa kaka na wucewa nake share gefen gonar tas.

Feshin maganin ƙwari ba na yin sa in mangwaro na fure da hunturu, don ƙudaje da ƙudan zuma ne ke sa furen ya kama. Kauci kuwa da na hango shi a reshe nake yanke wurin, tun bai yaɗu ba. Rassan da na sassabe su ne makamashin gidana, uwargida ta daɗe ba ta sayi itace ba.