Injin ɗaukar nauyi da 'yan kayayei na Kejetia

Jiya a kasuwar Kejetia da ke Kumasi na taya wata 'yar kayayei, wato 'yar dako, ɗora kwano cike da doya. Wuyanta har rawa yake, gammonta ya jiƙe sharkaf da gumi.

Abin ya tsaya min a rai, domin akwai injin da ake ɗaurawa a jiki ya rage wa mutum nauyi. A Japan, inda tsofaffi suka yi yawa, masu jinya na ɗaura HAL na kamfanin Cyberdyne a ƙugu su ɗaga majinyata. A Amurka tun 2014 aka amince da ReWalk, injin taimaka wa tafiya, ga masu raunin laka, ma'aikatan kamfanin motoci na Ford kuma sun taɓa sa wani don kafaɗa.

Mu nan tsada ce ta kayar da mu. Amma akwai mara batir, sifirin kawai. Ɗaliban jami'ar KNUST da maƙeran unguwar makanikai ta Suame Magazine, don Allah ku duba wannan.