Mataki na uku: katin hoto na tsaka-tsaki da inda yake tuntuɓe

'Yan uwa masu koyon haɗa kwamfutar wasa, aiki ya iso kan katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan da ake gani a allo. Madabod da furosesa da RAM mai giga 16 duk sun zauna. Saura a ga ko kati na tsaka-tsaki, mai dala 250 zuwa 400, ya ci kuɗinsa. Ya ci, matuƙar allonku 1080p ne ko 1440p, kuma kun duba ƙwaƙwalwar katin kafin ku dubi sunansa.

Wanda aka ɗora shi ne RTX 4060, da Nvidia ta fitar a 2023 kan dala 299. Ƙwaƙwalwar giga 8 gare shi, wat 115 kacal yake ja. Ga mai kunna kwamfuta da inbata wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda RTX 3060 wat 170 take sha.

Sakawa ba wuya. A goge tsohon direba (manhajar da ke sarrafa katin) da manhajar gogewa ta DDU a Safe Mode na Windows, a kashe na'ura, a zare wuta. A cusa katin a ramin PCIe na sama har makullin ya ce ƙas, a ɗaure noti, a jona wayar wuta mai fil 8. Wayar allo kuwa a bayan kati ake soka ta, ba a madabod ba. Sabon shiga da yawa nan suke faɗawa, wasa ya yi ta jan ƙafa su ɗora wa katin laifi.

Sai gwaji. Ku kunna manhajar MSI Afterburner ta riƙa nuna zafi, yawan firam (hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa), da yawan ƙwaƙwalwar da aka cinye. A eFootball da Valorant da GTA V katin ko gumi ba ya yi. Matsala tana fitowa ne a manyan wasanni irin Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I idan aka kai Texture, wato saitin kyawun fuskar abubuwa a wasa, zuwa Ultra. Lambar firam za ta yi kyau a ido, amma da kun juya kyamara sai hoto ya daskare na ƙiftawar ido, bangon da ke gabanku ya zama kamar an shafe shi da laka kafin ya washe. Ku dubi ma'aunin ƙwaƙwalwa a daidai lokacin: ya cika maƙil.

Dalili shi ne, idan giga 8 ta cika, katin yana aro daga RAM ta hanyar PCIe. Ƙwaƙwalwarsa tana tura giga 272 a daƙiƙa, alhali layi 8 kawai yake da shi na PCIe. A tsohon madabod mai PCIe 3.0, kusan giga 8 a daƙiƙa ke nan. Tamkar a ce ruwan kogi ya bi ta bakin buta.

Magani: a sauke Texture zuwa High, a kashe Ray Tracing (kwaikwayon haske na zahiri), a sa DLSS (fasahar Nvidia mai zana ƙaramin hoto ta faɗaɗa shi) kan Quality. Kada ku ruga zuwa Frame Generation, mai ƙirƙiro ƙarin firam, domin shi ma ƙwaƙwalwa yake ci, sai ya ƙara wa Borno dawaki.

Abin da ke min ciwo shi ne, RTX 3060 ta 2021 giga 12 gare ta, amma RTX 5060 ta 2025 har yanzu 8 ce. Wanda ya tara kuɗi wata da watanni bai kamata a sayar masa da ƙunci ba. Mai ɗan hali ya dubi RX 9060 XT ta AMD mai giga 16, da ta fito kan dala 349, ya lura da kyau don akwai mai 8 da suna ɗaya. Arc B580 ta Intel giga 12 ce kan dala 249, sai dai dole a kunna Resizable BAR, saitin da ke buɗe wa furosesa dukkan ƙwaƙwalwar kati, a BIOS, wato shafin saitin madabod, in ba haka ba ƙarfinta ya zube. Waɗannan farashin fitowa ne, na kasuwa yakan ɗara.

Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin sanyaya kati. A hure ta da bulowa, amma a danne fanka da yatsa kada iska ta wujijjiga ta. Mataki na gaba shi ne rage wa katin boltej a Afterburner, don haka kowa ya rubuta zafin nasa bayan minti 30 na wasa, mu samu abin kwatantawa.