Na Je Taron Marubuta a Abuja, Na Ɓuge da Gadin Kwali

Kwafi 120 na littafina na ɗauka daga Kano, kwali biyu cike taf, an naɗe su da salatif kamar kayan amarya. Kwafi 9 na sayar. Na yi kyautar 14, na yi musayar 6 da littattafan da har yau ban buɗe huɗu daga cikinsu ba. Sauran 91 ni na biya musu kuɗin mota zuwa, ni na biya musu na dawowa. Amma ba asarar kuɗin ce take ci mini rai ba. Abin da na rasa ina zaune ina gadin kwalayen nan shi ne har gobe idan na tuna sai na yi tsaki ni kaɗai.

Babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya ne, wato ANA, kuma zuwana na farko ke nan. Idan aka ce ban yi shiri ba an zalunce ni. Na yi shiri har ya yi yawa, sai dai duk a gefe guda na jibge shi. Wata biyu ina safa da marwa tsakanin makarantar da nake koyarwa da wurin mai ɗab'i, yau a ce faranti ya lalace, gobe a ce babu wuta, jibi a ce mai ɗinkin ya tafi biki. Sai ana jibi tafiya littafin ya fito, gam ɗin bangon ma bai gama bushewa ba. A cikin wannan rububin ne aka turo jadawalin taron a zauren WhatsApp na reshenmu. Na ga fayil ɗin. Na danna masa alamar babban yatsa. Ban buɗe shi ba.

A tashar Unguwa Uku wani dattijon marubuci da muke kira Malam ya ga yaran mota suna kokawa da kayana, ya ce, "Kai kuma wannan fa? Ƙaura za ka yi?"

Na ce, "Littafin ne, Malam. Ai can ne kasuwar."

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kasuwar da kowa mai talla ne, wa zai saya?" Ya shiga mota abinsa da 'yar jakarsa ta rataye. A raina na ce tsofaffin nan ba su san harkar zamani ba.

Tafiyar ba ta da wani labari. A da taron jiha-jiha yake zagayawa, wannan kuwa a Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa aka yi shi, a Mpape. Wanda ya san Mpape ya san hawa da gangara da ƙurar masu fasa dutse, sai ya ƙiyasta mutum da kwali biyu yana ciniki da direban tasi da magariba. Wurin kansa yana da kwarjini ga duk wanda ya san tarihinsa. Ƙungiyar da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, Janar Mamman Vatsa, soja kuma mawallafin waƙoƙi, ya ba ta filin nan a 1985 yana ministan Abuja, aka harbe shi a watan Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, filin ya yi shekaru da yawa kafin gini ya tsaya a kai. Na tsaya a bakin ƙofa ina wannan tunani na kamar minti ɗaya, daga nan hankalina ya koma kan inda zan sami tebur.

Na kuwa samu, mai kyau, daf da ƙofar shiga zaure. Na shimfiɗa ƙyallen da maiɗakina ta ba ni, na jera littattafai hawa-hawa, na rubuta 1,500 a kwali na jingina. Sai na ɗaga kai na dubi dama da hagu. Kowa da tebur, wanda ba shi da tebur yana da jaka, wanda ba shi da jaka yana da kwafi uku a hammata. Maganar Malam ta faɗo mini, na kore ta.

Akwai kuma abin da ko yaro ya kamata ya hango tun daga gida. Taro ne na ƙasa baki ɗaya. Mutanen Legas da Inugu da Fatakwal da Makurɗi sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, ni kuwa littafina da Hausa yake. Mutum zai tsaya, ya ɗauka, ya yaba bango, ya buɗe, ya yi murmushi, ya ce da ma yana jin Hausa, ya ajiye. Masu jin Hausar kuma yawancinsu motarmu ɗaya da su, sun san za su same ni a Kano su karɓa kyauta.

Da a nan abin ya tsaya da sai in ce kwalliya ce ba ta biya kuɗin sabulu ba, in yi dariya in wuce. To amma kaya ba sa gadin kansu. Ba ni da yaro, ba ni da wanda zan bar wa, kuma zuciyata ta riga ta saƙa mini cewa daidai lokacin da zan tashi ne mai sayen kwafi 20 zai zo. Haka na yini biyu a kan kujerar roba. Jawabin buɗe taro ta taga na ji rabinsa. Idan aka fito shan shayi, lokacin da mutane ke tsayawa biyu-biyu uku-uku suna gaisawa suna musayar lamba, lokacin ne ni kuma nake miƙewa tsaye ina gyara jeri ina jiran ciniki. Sallah kaɗai ke tayar da ni, ita ma a gurguje, ina sallamewa ina waige.

Ranar Juma'a da la'asar wata yarinya 'yar reshenmu, wadda ko littafi ɗaya ba ta taɓa bugawa ba, ta fito daga wani ƙaramin ɗaki fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta ce, "Yaya, ban gan ka a zaman fassara ba."

Na ce, "Wane zaman fassara?"

Ashe an yi zama na awa ɗaya da rabi a kan fassara adabin harsunan gida zuwa Turanci, yana nan rubuce a shafi na biyu na fayil ɗin da na danna wa babban yatsa. Ashe cikin masu magana akwai wata edita, Bahaushiya, da ke haɗa kundin gajerun labarai na Hausa da za a fassara. Ta faɗa a wurin cewa tana neman labaran da ba a taɓa bugawa ba, kuma mako biyu ya rage ta rufe karɓa. Yarinyar nan ta karanta jadawalin tun a gida, ta binciki sunan kowane mai magana a intanet, ta gane aikin matar, ta zo da labarai biyu bugaggu a cikin 'yar jakar leda mai maɓalli. Ana tashi ta miƙa. Hausawan da suka shiga ɗakin, in ji ta, ba su kai goma ba. Ni ina waje, taku ashirin tsakanina da ƙofar, ina bai wa wani mutumin Binuwai canjin 500.

Ban haƙura ba. Daren Asabar wurin liyafar ba da kyaututtuka na sa aka nuna mini ita, na jira ta gama cin abinci, na je da littafina a hannu. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce in zauna. Ta juya littafin gaba da baya ta ce, "Malam, labarin me ne?"

Wallahi shekara uku na yi ina rubuta littafin nan, amma ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar a wurin da nake da minti biyu kacal. Sai na ɗauko daga kakan tauraron, yadda ya baro ƙauyensu lokacin fari. Na shiga auren uban. Ina cikin bayanin kishiyar uwar na ga idonta ya fara zuwa kan agogon wayarta. Tauraron kansa ko haihuwarsa ba a yi ba. Ta katse ni cikin mutunci, ta ce, "To wannan ai ya riga ya fito, kuma dogo ne. Kana da gajere wanda ba ka fitar ba?"

Ina da shi. Ina da guda biyar, ɗaya daga ciki ma na san ya fi littafin nan da nake ta tallatawa. Suna cikin littafin rubutu mai ganye 80, da biro, a cikin durowar makaranta a Kano. Na ce mata suna nan, sai dai ba a buga su a kwamfuta ba. Ta rubuta mini adireshin imel a bayan takardar shirin liyafar, ta ce in na samu dama kafin ta rufe in turo. Ta karɓi littafin ta yi godiya, na tabbata don kada in ji kunya ne.

Mako biyu kamar da yawa. Na koma na tarar da gwaji ya kama, aji huɗu na makin a gabana. Na kai wa mai taifin, ya riƙe kwana shida, ya dawo mini da shi duk ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, "ƙasa" da "kasa" sun zama abu ɗaya. Kafin in bi in gyara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, in karanta, in sake, na wuce wa'adi da kwana huɗu. Na tura duk da haka. Amsar layi biyu ce, mai ladabi: an rufe, Allah Ya kai mu wani karon. Labarin yarinyar nan ya shiga. Na taya ta murna, kuma da gaske nake, amma ranar ban ci tuwon dare ba.

Saboda haka idan wani ya zo yanzu yana tambayata kwafi nawa zai ɗauka zuwa taro, sai in ji kamar in kama kafaɗarsa in girgiza. Goma. Abin da zai shiga jakarka ya bar wa kayan sawa wuri. Ba na sayarwa ba ne, na sa wa mutum a hannu ne bayan kun yi hira ya nuna yana so. In kuwa dole sai ka yi ciniki, ku haɗu ku biyar ku kama tebur ɗaya ku raba awanni, ko ka bar wa masu sayar da littattafai su cire lada. Kuma ka dubi waɗanda za su zo. Littafin Hausa zai fi samun masu buɗe shi su karanta a taro irin bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, fiye da zauren da rabin mutanen ciki "sannu" kaɗai suka iya. Wancan zauren ba masu saye ake zuwa nema ba, masu fassara ne da editoci da malaman jami'a da ke neman abin da ɗalibansu za su yi nazari a kai.

Jadawalin nan kuwa, ka buɗe shi ranar da aka turo. Ka ɗauki biro ka zagaye zama biyu ko uku da ko gobara ake ba za ka rasa ba. Sunayen masu magana ka bi su ɗaya-ɗaya ka ga me kowa yake yi yanzu, ba abin da ya yi suna da shi shekara goma da suka wuce ba. Aikin dare ɗaya ne da datar 200. Ni na kashe wata biyu a kan bango da gam, na kasa ba da dare ɗaya. Gasar ƙungiyar ma sai a wurin liyafar na fahimci watanni kafin taro ake rufe karɓar littattafai, ina zaune ina tafa wa mutane ina tunanin a nan ake miƙawa.

Sai abin da ba ka fitar ba tukuna, shi ne jarinka a irin wannan wuri, ba wanda ya riga ya shiga kasuwa ba. A buga shi a kwamfuta, da haruffa masu lanƙwasa, ka duba da idonka. Kwafi a takarda, kwafi a waya, kwafi a imel ɗinka. Shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa, in da hali da Turanci ma, da lambarka a ƙasa. Ka kuma koyi faɗin labarinka a jimla biyu. Ni da maiɗakina na gwada, tana yankan kuɓewa ina faɗa, duk sanda na ambaci kaka ko kishiya sai ta ce, "Ka koma." Sai a karo na bakwai ta ɗaga kai ta ce, "To sai me ya faru?" Na san na samu.

Da shekara ta zagayo na koma, jaka ɗaya a kafaɗa. Malam ya gan ni a tasha, ya duba bayana ya ga ba kwali, bai ce komai ba, ya matsa mini wuri kusa da shi. Na shiga zama huɗu, na yi tambaya a biyu. Kowane hutun shayi a tsaye na sha shi cikin mutane, duk wanda muka yi magana da shi ina komawa gefe in rubuta sunansa da abin da muka ce, domin na ga yadda lambobi ke taruwa a waya da sunaye irin "Marubuci Abuja 3" har ka rasa wane ne wane. Ina isa gida kafin kwana uku na aika wa mutum biyar saƙo, uku suka amsa, ɗaya malamin jami'a ne da ya nemi labaran nan biyar ya karanta.

Editar ba ta zo ba a wannan shekarar. Na duba jadawali tun daga gida na san ba ta ciki, amma duk da haka sai da na riƙa leƙa ƙaramin ɗakin nan.

Kwafi 91 ɗin sun ragu zuwa 60 da 'yan kai, ɗalibai ke saye jefi-jefi. Kwali ɗaya ya ƙare, ɗayan yana ƙarƙashin gado da salatif ɗin Unguwa Uku a jikinsa. Jiya ƙaramin ɗana ya jawo shi ya taka don ya ɗauko rimot a kan durowa, uwarsa ta ce ya sauka daga kan littattafan Abbansa, na ce ta ƙyale shi.