Ruwa a tayar tarakta, da amsar da na ba Kawu

Talata, bayan sallar isha'i.

Tun da sassafe muka kai taraktar bakin rijiyar burtsatse, domin jiya a gonar fadama tayoyin baya sun yi ta juyawa suna tonon ƙasa, haro ya riƙe ta, dizal kuma yana ƙonewa a banza. Direba ya shafa alli a jikin taya, muka ƙirga juyinta da haro a ƙasa da kuma bayan an ɗaga shi, sai muka ga sulɓin ya kusa kashi 30 cikin 100, alhali abin da ake so ga tarakta irin tamu, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Ƙarafan nauyi da ake ɗaurawa a wili sun fi ƙarfin aljihuna bana, shi ya sa muka tsaya a kan ɗura ruwa a tayoyin baya, don su ƙara nauyi su kama ƙasa.

Aikin kansa bai ba mu wahala ba. Mai faci ya sa jak ya ɗaga tayar dama, ya juya ta har bawul ya koma can sama, ya zare ƙwayarsa, ya haɗa mesa, yana dakatawa lokaci-lokaci don iska ta samu hanyar fita. Tayar 16.9-30 ce, wadda Massey Ferguson 375 ɗinmu ta zo da ita, kuma bisa alamar jikin tanki ta sha kimanin lita 270 kafin ruwa ya fara dawowa ta bakin bawul, wato ta kai kashi uku cikin huɗu. Ragowar rubu'in na iska ne, saboda ruwa ba ya matsuwa, kuma tayar da aka cika taf ba ta da inda za ta lanƙwasa idan ta hau dutse ko kututture. Da aka yi wa ta hagu daidai da haka, nauyin da ya ƙaru ya haura rabin tan.

Muna kan ta hagun ne Kawu ya iso da sandarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ina gishirin?" Na ce masa wane gishiri. Ya ce a zamanin da yake tuƙa taraktar haya, ya ga ana narka wani farin gari na buhu a cikin ruwa kafin a ɗura, har ruwan yakan yi zafi a duro, kuma ruwa zalla ba ya kai wancan nauyi. Ni kuwa, ga rana ta fara zafi, ga yara sun kewaye mu, sai na ce, "Kawu, wannan ai na ƙasashen sanyi ne, a nan wane ruwa ne zai daskare? Zamani ya wuce nan." Yaran suka kwashe da dariya. Bai ce mini uffan ba, ya juya wajen mai faci ya ce ya tabbata bawul yana sama idan zai sa gejin auna iska, kada ruwa ya shiga ya lalata shi, sannan ya tafi.

Abin da na faɗa ba ƙarya ba ne. Garin da yake nufi sinadarin kalsiyam kulorayid ne, ba gishirin miya ba, kuma manoman Kanada da arewacin Amurka suna sa shi ne da farko don kada ruwan ya zama ƙanƙara ya yaga taya a lokacin hunturu. Yana kuma cin ƙarfe, ta yadda idan tub ya huje ko bawul ya fara yoyo, tsatsa takan cinye wili, dalilin da ya sa wasunsu suka koma amfani da ruwan gwozar sukari, wata saiwa da ake yin sukari da ita. Sanyin hunturunmu, komai tsananinsa, ba ya kai ruwan taya ga daskarewa. Amma da na zauna da yamma na sake juya maganar, sai na ga rabinta kawai na amsa. Kawu bai ambaci sanyi ba ko sau ɗaya. Nauyi ya ce, kuma a nan gaskiyarsa ce, domin ruwan da aka narka wannan gari a ciki yakan fi ruwa zalla nauyi da sama da kashi 20 cikin 100. Har zafin da ya tuna daidai ne, haka garin yake yi idan ya shiga ruwa. Mutumin ya riƙe abin da idonsa ya gani fiye da shekara 40, ni kuwa na mayar da shi abin dariyar yara don na karanta sunan garin a waya.

Bayan azahar taraktar ta ja haro lafiya, sawun taya ya fito sarai a ƙasa. Direba ya ce a kan kwalta ta yi nauyin tsayawa, na ce ya rage gudu, kuma idan aikin huɗa ya ƙare za mu zubar da ruwan kada ta riƙa danne ƙasa a banza.

Da magariba na aika wa Kawu goro ta hannun autanmu. Yaron ya dawo ya ce ya karɓa, ya kuma tambaya ko mun daidaita iskar tayoyin biyu. Ban san ko huce haushi ke nan ba, ko kuwa wata tambayar ce da nake zaton na san amsarta. Gobe kafin a tayar da inji zan je da kaina, da gejin a hannu.