Injin MRI ɗin da muka sayo don kar a raina mu

Na yi shekaru ina riƙe da sashen ɗaukar hoto a wani asibiti, kuma wallahi mutane sun fi injinan ba ni ciwon kai.

Lokacin da kuɗi suka samu na rubuta cewa a gyara mana tsohon injin eksire, a ƙaro na sikanin guda 2, tunda masu juna biyu ne suka fi cika mana layi. A zaman kwamiti sai wani babba ya ce ai asibitin da muke gasa da su sun kawo MRI, injin nan mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, mu za mu zauna ana raina mu? Shi ke nan magana ta ƙare. Ni ma na ja bakina na yi shiru, don gaskiya raina ya biya, wa zai ƙi a ce a sashensa yake.

Abin da ba wanda ya tambaya, har ni, shi ne wa zai riƙa kula da shi. Maganaɗisun MRI ba a kashe shi ko da dare, ruwan heliyom ne ke riƙe shi da sanyi wajen digiri 269 ƙasa da sifiri, in na'urar sanyayawa ta tsaya sai heliyom ɗin ya fara ƙafewa, mu kuma don a rage kuɗi kwangilar gyara ta shekara 1 kawai muka sa wa hannu, tana ƙarewa ba a jima ba injin ya tsaya muka yi watanni muna jiran injiniya. Yanzu ko kyauta aka kawo mana inji, takardar gyara nake fara nema.

Ga marasa lafiya kuma. Mutum ciwon baya na kwana 3 ya ce "Likita, ba za a min hoto ba?" Likita don gudun a ce bai iya aiki ba sai ya rubuta a yi masa CT, wani hoton cikin jiki dangin eksire, alhali wannan da tururin radiyeshon yake aiki, mai buƙatar gaske kuma yana can bayan layi.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na mata. An ba su rana ba sa dawowa, ni ina ta zargin kuɗi, sai wata tsohuwar nas ta ce min, "Yallaɓai, ka duba su wa ke aikin safe a ɗakin sikanin." Na duba, duk maza. Ranar na sake jadawalin na sa mata 2 da safe, kafin ƙarshen wata sai da muka ƙaro benci a ƙofar ɗakin.