Karatun Kemistiri a Jami'a: Inda Maki Yake Zubewa

Ba a koyon kemistiri da ido kaɗai. Ɗalibin da ke bin littafi yana gyaɗa kai, sai a zauren jarrabawa yake gane hannunsa bai saba ba. Ka rufe littafin, ka warware tambayar da biro. In ka maƙale, ka yi fama da ita na minti 15 kafin ka leƙa amsa.

A lissafi, ma'auni ne ke cinye maki. Darajar R, wato tsayayyar lambar lissafin iskar gas, ita ce 8.314 a jul, amma sau da yawa makamashin da aka ba ka a kilojul yake. Ka manta ninkawa da 1000, shi ke nan amsa ta lalace. Haka ma zafi: ƙara 273.15 a kan digirin Salsiyos ya koma Kelvin tun kafin ka taɓa kalkuleta. Kowace lamba ka rubuta mata ma'auninta a gefe.

Ɓangaren sinadaran kabon kuwa, hadda ba ta kai mutum ko'ina, domin tambayoyin sun fi ƙarfin ƙirge. Abin riƙewa shi ne kibiyar da ake zanawa don nuna tafiyar ilektiron kullum tana tashi daga inda suke, ta nufi inda ake ƙarancinsu. Bayan kowane mataki, ƙirga hannayen kabon, wato mahaɗansa da sauran atam, kada su wuce 4.

A ɗakin gwaji, daidaita idonka da ƙasan lanƙwasar ruwan da ke cikin buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, ka rubuta adadin nan take. Maimaita gwajin har sakamako biyu su zo da tazarar da ba ta wuce 0.10 cm³ ba.